Tagar Gabas

Duk baƙon da ya hau tsaunin da ke yamma da garinmu ya iso gidana, tambayarsa ɗaya ce. Ba ya tambayar yadda aka hau da siminti har can, ko wa ya zana gidan. Sai ya tsaya yana haki, ya dubi bangon gabas da ke shan farar ƙasa duk shekara, ya ga wani jan faci na tubalin ƙasa a tsakiyarsa, faɗin tabarma biyu, ya ce, "Malam, nan fa? Aikin ne bai ƙare ba?" Da can nakan hasala. Yanzu sai in sa a kawo masa ruwa. In yana da lokaci in ba shi labarin, in mai sauri ne in ce masa e, bai ƙare ba.

Malamin asibiti ne ni har na yi ritaya. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Kebbe, wajen hanyar Fakku, yana kwance tsakanin fadama da jerin tsaunukan jar marmara masu shimfiɗaɗɗen kai. Mutanenmu manoma ne masu 'yan shanu. Ubana ya rasu ina makarantar midil, ya bar mana gida a unguwar gangare dab da fadama, inda ya zaɓa don shanunsa su samu ruwa kusa. Shanun sun ji daɗin wurin. Inna ce ba ta ji ba. Da damina ta kankama sai laima ta hau bango har ƙugu, tabarma ta yi funfuna, sauro ya buɗe kasuwa, ita kuwa ta kama tari da zazzaɓi, ba su sakinta sai an yi girbi. Ni da nake raba wa jama'ar ƙasa guda magani, uwata ce ta fi kowa tari a garin. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma ina jin kunyarsa.

Ana saura shekara biyu a samu 'yancin kai aka tura ni kwas Jos. A can na ga abin da ya shiga kaina ya ƙi fita. Gidajen likitoci ne a jikin duwatsu, bayansu ya shige cikin tudu, gabansu yana tsaye a kan ginshiƙai, rufin kwano ya karkata gefe ɗaya, ga baranda, ga tagogin gilashi masu faɗi. Wata rana aka aike ni ɗaya daga cikinsu da takarda. Na tsaya a falo ina jira, iska tana ratsa ɗakin daga wannan gefe zuwa wancan, ba wari, ba sauro, kuma ta taga ina hangen ƙasa har iyakar ganina. A tsaye a wurin na yi wa kaina alkawari cewa Inna sai ta kwana a irin wannan ɗakin kafin ta bar duniya.

Da na dawo, wani abokina mai zane a ma'aikatar ayyuka ta Sakkwato ya zana mini gidan a babbar takarda. Ɗaki uku a jere, falo a tsakiyar gaba, baranda mai zurfi, tanki a baya don tarar ruwan kwano. A bangon falo na gabas ya zana taga mai faɗin ƙafa takwas, ta gilashin nan mai falle-falle da ake buɗewa da ɗan ƙarfe. Ya ce ita ce idon gidan. Na yarda da shi har cikin zuciyata. Maigari ya ba ni gefen tsaunin ba tare da wata jayayya ba, don in ban da awaki da mata masu itace ba mai hawa can. Lokacin kowa yana maganar sabon zamani, rediyo ba ta da wata hira sai ita, ni kuwa na ɗauka sabon zamanin nan ta bangon gidana zai shigo garinmu.

Na kai wa Inna takardar na shimfiɗa a gabanta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun ina yaro "kai wanga" nake, da na fara aiki ta ƙara mini girma na koma "malamin allura". Ta juya takardar sama ta koma ƙasa, ta ce, "To malamin allura, ina turmi za shi zauna?" Na nuna mata tsakar gida a baya. Ta ce, "Ita fa wagga ta maƙwabta, da ita za mu hau?"

Gwaggo take nufi. Ba 'yar'uwarmu ba ce, maƙwabciya ce, danga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Shekara ɗaya aka kawo su garin aure ita da Inna, shekara biyu ce tsakanin mutuwar mazajensu. 'Yarta ɗaya, tana aure can wajen Jabo. Gwaggo tana kaɗi, tana da 'yar gona da dangin mijinta ke nome mata in sun ga dama. Doguwa ce, mai tsabta, mai baki, ba ta taɓa roƙon kowa ko allura ba. Akwai wata kafa a dangar da ke tsakaninsu, daidai shigar akushi. Tun ina ƙarami, da damina ta yi tsakiya, kusan kullum sai in ga Inna ta tura akushi ta kafar nan tana cewa, "Ke, ɗanɗana mini wanga, kamar gishiri ya yi yawa." Can an jima akushin ya dawo a wanke, muryar Gwaggo ta biyo shi: "Ya yi yawa ƙwarai. Hannunki bai da awo." Har na yi gemu ina ɗauka uwata ba ta iya sa gishiri ba.

Na ce wa Inna Gwaggo ai ƙafarta lafiya lau, ta riƙa hawowa hira. Inna ta naɗe takardar ta miƙo mini, ta ce Allah ya sa alheri.

Mutum biyu suka yi aikin. Birkila na ɗauko daga Tambuwal, saurayi mai fensir a kunne, shi ke da siminti da bulo. Harsashi da katanga da zaure kuwa na ba wa tsohon maginin garinmu, wanda ya gina soron ubana. Zauren ma ba ya cikin zane. Tsohon ne ya ce shi ba ya ɗora hannu a gidan da baƙo zai faɗo wa mata kai tsaye, na ga ba sarki sai Allah na yarda. Su biyun ba su taɓa shiri ba. Birkila ya ɗora ma'auninsa mai ruwa a bango ya ce ya karkace, tsoho ya rufe ido ɗaya ya ce ma'aunin ne ya karkace. Amma marmarar da tsohon ya sassaƙa daga jikin tsaunin ya jera harsashi da ita, yau shekara nawa, ko tsaga ba ta yi ba.

Ranar da bango ya kai ƙugu, birkila ya bar gurbin taga, tsohon ya zo ya tsaya a cikin gurbin ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan garin duka a tafin hannu yake, gida-gida, har fadama da gulbi a bayanta. Ya juyo ya ce, "Malam, mu nan ba mu buɗe gabas."

Na ce na sani, hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa aka zurfafa baranda, feshi ba zai kai gilashi ba. Na buɗe takarda na nuna masa.

Ya ce, "Ruwa kam ka yi mai dabara. Sai dai tagag ga ta yi ƙasa, kuma gari na ƙarƙashinta."

Na ce, "Ai don shi aka yi ta, Baba. Mutum ya zauna ya ga gari."

Ya dube ni, ya dubi garin, ya ce, "To." Ni kuwa na koma gida ina ba matata labarin yadda na ƙure tsoho da ilimi. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Gilashin a mota ya zo har Tambuwal, daga can aka ɗauko shi a ka cikin akwatuna biyu da aka cika da ƙaiƙayi, ni ina biye a keke ina yi wa masu ɗauka ihu duk inda suka yi tuntuɓe. Falle uku suka fashe a hanya, na kusa kuka. Kafin ruwan farko gida ya tashi, fari fat a jikin jan tsauni, kwano yana walƙiya, ana hangensa tun daga hanyar Kebbe. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Har yau in na dawo daga tafiya na hango shi, sai in ji daɗi.

Na yi walima, maza suka hau gani. Suna ta santi a zaure, suna shafa siminti, suna ƙwanƙwasa tanki. Da suka shigo falo suka isa taga sai hira ta mutu. Wani ya miƙa hannu zai nuna gidansa, ya fasa, ya mayar da hannun cikin riga. Maigari ya leƙa sau ɗaya, ya juya, ya zauna a kujera ya ba wa tagar baya har aka tashi. Na ɗauka haske ne ya dame shi, har na ce masa zai saba.

Ni da matata da yara muka tare. Inna ta ce sai ta ga yadda damina za ta kama. A 'yan makonnin nan abubuwa suka sauya a gari, ni ban lura ba sai daga baya da na waiwaya. Maza suna gaishe ni a masallaci, amma gaisuwar ta gajarce. Matan da ke zuwa asibiti suna zolayata da likitan tsauni suka daina zolayar, su karɓi magani su ja mayafi su fita. Masu saƙar zana suka samu kasuwa ba lokacinta ba. Na ce hassada ce. Da wannan kalmar na rufe komai na kwanta a kai.

Da damina ta yi tsakiya, lokacin da gero ya fara fitar da kai amma rumbuna sun yi ƙasa, aka yi wani ruwa na kwana biyu, ya shiga ɗakin Inna har ya ɗaga ƙwarya. Na sauka ban nemi shawararta ba, na sa aka kwashe kayanta, aka ɗora ta a jaki tana tari tana faɗa. Na ba ta ɗakin da ke jikin falo. Kwana uku kawai tarin ya yi sauƙi, ta fara cin abinci sosai. Da safe takan zauna a bakin taga da farin mayafinta tana shan hantsi. In na fito zan tafi aiki na gan ta a wurin, sai in ji duk wahalar da na sha ta biya. Da yamma ta zuba tuwo a akushi ta ba babbar 'yata ta kai wa Gwaggo, da saƙon gishiri kamar kullum.

Rana ta shida na dawo daga asibiti da la'asar na tarar da ita a zaure, ƙullin kayanta a gefe, sandarta a hannu.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

Ta ce, "Gida."

"Nan ba gida ba ne?"

"Gidanka na, kuma ya yi kyau, Allah shi yi ma albarka. Amma gidan ga ido gare shi. Ni ba ni iya zama cikinai."

Na ce taga ce, iska ce da haske, su ne maganin da ya fi duk ƙwayoyin da nake ba ta. Ta ce ta sani, ta ji a ƙirjinta. Na ce to me aka yi mata, wa ya ɓata mata rai? Ta ce ba kowa. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na lissafa mata shekara biyun da na yi ina fama, da rana da na sha a kan tsaunin nan, na ce duk don ita na yi, amma ta fi son ɗaki mai ruwa da gulmar unguwa. Har na ce in tari ya kashe ta a can, kada wani ya ce ban yi nawa ba. Wannan maganar ita ce mafi muni da na taɓa faɗa wa uwata. Ta ɗora ƙullinta a ka ta fara gangarawa, tana dafa duwatsu. Na tsaya ina kallo, girman kai ya hana ni ko riƙe mata kaya.

Matata ta bari na gama huci, na ƙi cin abinci, na zauna a baranda ina kaɗa ƙafa. Sannan ta zo ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, in faɗi, ko in bari sai ka huce?" Na ce ta faɗi.

Ta ce shekaranjiya da hantsi suna bakin taga ita da Inna. Gidan Gwaggo yana ƙasa sosai, ba abin da ya tare shi. Suka ga ta ɗaga murfin rumbunta, ta shiga ciki gaba ɗayanta da tsintsiya, ta fito da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta tsaya tana dubansa, ta rufe ta kai ɗaki. Sai ta ɗebo ƙaiƙayi ta zuba a turmi ta kama daka. Lokacin daka ne, kowane gida taɓarya na tashi, ita ma tata ta shiga cikinsu. Ta daka iyakar yadda ake daka, ta tsaya inda ake tsayawa, ta sake kamawa. Ba ta yi bakace ba, don ba abin bakacewa. Da ta gama ta miƙe tana share gumi, ta ɗaga kai, sai ga farin mayafin Inna a taga.

Matata ta ce, "Sun daɗe suna kallon juna. Inna ce ta fara ja da baya. Da yamma aka kai akushi, ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Jiya ma haka. Kuma tun ranar ba a sake jin taɓarya a gidan ba."

Na ce, "To ai Inna ta daɗe da sanin ba ta da shi. In ba haka ba, akushin na mene ne?"

Ta ce, "Ta sani mana. Amma ba ta taɓa gani ba, Gwaggo kuma ba ta taɓa ganin an gan ta ba. Kai fa, Malam, shekara talatin kana jin zancen gishirin nan."

Washegari da hantsi ban tafi aiki da wuri ba, na je na tsaya a tagar. Wata uku ina kallo ta cikinta, fadama nake gani da gulbi da hadari in ya taso. Ran nan na dubi abin da ke ƙarƙashin hancina. Kusan kowane gida an ƙara wa dangarsa ta yamma tsawo da sabuwar zana, sabuwa a kan tsohuwa, duk suna fuskantar gidana. An ɗauke makewayi daga inda suke an kai bayan ɗakuna. Mata suna daka da mayafi a ka cikin gidajensu, cikin wannan zafin. Waɗanda ba su da halin sayen zana sun rataya tsofaffin tabarmi. Gidan Gwaggo ba a rataya komai ba, tsakar gidan a share, turmi a kife, ƙofar ɗaki a rufe. A gidanmu na gangare kuwa ga Inna zaune a kan kujerar tsuguno kusa da kafar danga, ita kaɗai. Na ja da baya da sauri, don na ga ni ma leƙen nake yi.

Duk da haka ban sallama nan take ba. Mutum ba ya rabuwa da abin da ya ɗauko a ka tun daga Tambuwal cikin sauƙi. Na sayo yadi mai kauri aka ɗinka labule, na rataya, na aika wa Inna cewa an rufe. Ta aiko cewa ta gode. Matata ta ce, "Wanda ke ƙasa ya san ko akwai mutum a bayan labule?" Na ce ta cika magana. Mako guda labulen yana rataye, zana ba ta sauka ba, Inna ba ta hau ba. Kullum in na biya da magani sai in tarar tarin ya ƙaru, ta rame, tana amsa gaisuwata a taƙaice. Akushi yana kife a kan randa. Na tambaye ta Gwaggo, ta ce, "Tana nan. Muna gaisawa ta danga, kamar baƙi."

Daga nan na wuce gidan tsohon magini. Na same shi yana gyaran kwando a zaure. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce ina son a toshe tagar, amma na san damina ce, ba a yin tubali, ga siminti sai an je Tambuwal kuma hanya ta yanke. Ya tashi ya ja ni bayan gidansa, ya ɗaga wata zana a ƙarƙashin rumfa. Tubala ne jere, busassu, jajaye, na ƙasar tsaunin.

Ya ce, "Tun rani na aje su. Na auna gurbin da igiya ran da birkilanka ya tafi sallar Juma'a."

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Na gaya maka. Kai ta ruwa kaj ji."

Ni da hannuna na zare gilasan, falle-falle, na naɗe su a tsohon bargo. Suna nan ƙarƙashin gadona har yanzu, ban san me nake jira da su ba. Tsohon ya yi kwana biyu yana ɗora tubali. Da ya wuce tsayin mutum sai ya tsaya, ya ce a bar gurbin falle biyu na can sama, iska ta shiga, haske ya shiga, wanda ke ciki ya ga sama, ita ba ta da abin ɓoyewa. Falo ya yi duhu ba kamar da ba. Na zauna a ciki ina jin kamar an cire mini haƙori. Na kawo farar ƙasa a shafe facin ya saje da bango, tsohon ya hana. Ya ce in aka shafe, daga ƙasa sai a ce labule ne fari, a bar shi ja kowa ya ga ƙasa ce.

Kwana uku ba abin da ya faru. Ban aika wa Inna ba, don na san ta gani, garin duka ya gani. A rana ta huɗu bayan la'asar ina zaure sai 'yata ta shigo da gudu ta ce ga su Inna nan. Na fita. Tsofaffi biyu ne ke hawowa, suna hutawa a kowane dutse. Inna a gaba da sanda tana tari, Gwaggo a baya ɗauke da ƙullin kayan Inna, tana faɗa tun daga nesa. Wai wane irin ɗa ne zai kai uwarsa inda sai akuya ke zuwa, wai in ƙafarta ta karye ni zan ɗaure ta kuma ba za ta gode ba. Na gangara na karɓi ƙullin, na durƙusa na gaishe su. Na ce, "Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa." Ta ce, "Tashi, malamin allura, kana tare muna hanya."

Gwaggo ta shiga falo ta tsaya gaban facin. Ta shafa shi da tafin hannu, ta ɗan tura ta ji ko zai motsa. Ta ɗaga kai ta dubi siririn sararin da aka bari a sama. Sannan ta juyo ta ce mini, "Gida ya yi kyau, ɗana. Allah shi sa a daɗe ciki."

Daga ranar Inna ba ta sake kwana a gangare ba. Damina goma sha ɗaya ta yi a gidan nan, tarin bai rabu da ita gaba ɗaya ba amma bai sake kwantar da ita ba. Zanar da aka ƙara a gari ta ruɓe da kanta, ba wanda ya sabunta. Gwaggo tana hawowa kusan kullum, in hadari ya tare ta ta kwana, daga baya ma ta bar tabarmarta a ɗakin Inna.

Amma abin da na fi tunawa shi ne yammacin nan na farko. Matata ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye musu a falo. Ina baranda, ƙofa a buɗe, ina jin su. Shiru ya ɗan yi tsawo, har na fara jin tsoro. Sai na ji an tura akushi a kan siminti, Inna ta ce, "Ke, ɗanɗana mini wanga. Kamar gishiri ya yi yawa." Can Gwaggo ta ce, "Ya yi yawa ƙwarai. Ashe har surukar taki kin koya wa." Ba ta tashi ba sai da ta ga gindin akushin.

Da aka kawo nawa na zauna na ci a hankali, ina ɗanɗanawa. Gishirin daidai yake.